Waiwaye: Musabahar sirri, daga hannun magina zuwa tsarin mulki

A teburin mai shayi a Wunti cikin garin Bauchi, da wuya a yi mako wani bai zaro waya ya nuna hoton ɗan ƙwallo ko mawaƙi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba, yana cewa, "Ka gani ko? Ɗan Freemason ne." Nan take musu ya kaure. Wani ya ce matakan 'yan wannan ƙungiyar asiri 33 ne, wani ya rantse ba a shiga sai an ba da jini. Ba mai tambayar inda matakan da alamun suka samo asali.

Daga magina suka fito. A 1598 William Schaw, mai kula da gine-ginen sarkin Sukotland, ya tsara wa masu sassaƙa dutse dokokin ɗaukar almajiri da yaye shi. Magini kuwa matafiyi ne, yau yana wannan gari, gobe yana wancan, ba shi da takardar shaida. Idan ya sauka inda ba a san shi ba, kalmar da aka raɗa masa ranar yaye da yadda yake riƙe hannun wanda ya gaisa da shi su ne shaidarsa. Duk wanda ya taɓa zama wurin gini ya san mai kwaɓa ƙasa daban, mai ɗora tubali daban, gwani daban, kuma irin su Babban Gwani da ya gina Gidan Madaki a Kafin Madaki ba a rana ɗaya suka kai can ba.

Daga baya attajirai da masu ilimi, waɗanda ba su taɓa ɗaga guduma ba, suka cika zaurukan taron maginan. Ranar 24 ga Yuni 1717 rassa huɗu suka haɗu a wata mashaya a Landan suka kafa uwar ƙungiyar Freemason. Kayan aiki suka koma alama: sukwaya ta auna kusurwa, kamfas, da ɗan gyauton fatar rago da ake ɗaurawa a ƙugu. Matakai uku suka tabbata, na almajiri, na ma'aikaci, na gwani, kowanne da kalmarsa da musabaharsa da rantsuwarsa. Sabon shiga ana rufe masa ido, a rataya masa igiya a wuya, a naɗe masa ƙafar wando ɗaya. A mataki na uku ana kwaikwayon labarin Hiram Abiff, wanda suke cewa shi ya jagoranci ginin haikalin Annabi Sulaimanu, aka kashe shi saboda ya ƙi tona sirri. Lissafin 33 ɗin nan na wani reshe ne da aka kafa majalisarsa a Charleston ta Amurka a 1801.

Sirrin ma bai daɗe a rufe ba. Tun 1730 wani Samuel Prichard ya buga tambayoyi da amsoshin matakan uku duka a littafi, aka yi ta saye. Wannan bai hana Fafaroma Clement na 12 haramta wa mabiyansa shiga ba a 1738, majalisar fiƙihu da ke Makka ita ma ta haramta wa Musulmi a 1978. A ganina, abin da ya tsorata hukumomi shi ne rantsuwar fifita ɗan uwa ɗan ƙungiya, musamman idan ɗan uwan alƙali ne ko ɗan sanda.

Haka batun ya kasance a Najeriya. Reshen Freemason na farko ya buɗe a Legas a 1868. A 1914 wani limamin coci, T.A.J. Ogunbiyi, ya kafa sabuwar Ogboni a kan tsohuwar ƙungiyar asiri ta Yarabawa mai wannan suna. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar ɗalibai ta Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan don adawa da girman kai da ƙabilanci. Waɗanda suka ɓalle ko suka kwaikwaye su ne suka ɗauki laƙabobi da launuka da gaisuwar hannu suka haɗa da gatari, har aka kai ga kisan ɗalibai biyar a jami'ar Ife ranar 10 ga Yuli 1999. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta riga ta hana ma'aikata shiga irin waɗannan ƙungiyoyi tun 1977. Tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan ƙungiyar asiri ba zai tsaya takara ba, sashe na 318 kuma da yake fayyace ta, alamun sirri da rantsuwa ya fara ambata.

A nan gida kalmar "ƙungiyar asiri" ta yi faɗi har ta wuce gona da iri. 'Yan kalare na Gombe da 'yan sara-suka na Bauchi wasu na kiran su 'yan ƙungiyar asiri, alhali kowa a unguwa ya san fuskokinsu da wanda yake ba su kuɗi lokacin zaɓe. Ɗalibin da ya samu gurbi a jami'a kuwa, cikin takardun da zai cika akwai wadda zai sa hannu cewa ba shi cikin ƙungiyar asiri kuma ba zai shiga ba. Yawanci a tsaye ake sa hannun, cikin layi, ba a ko karanta ta.