Siffanta Ƙasa a Waƙoƙin Zazzau

Siffanta ƙasa salo ne da mawaƙi kan ambaci dutse, kogi, itace ko ganuwa domin ya nuna ko su wane ne mutanensa. A Hausa abin ya zo da sauƙi, domin kalmar "ƙasa" ita ce turɓayar da ake nomawa, ita ce kuma mahaifar da ake kishi. Masana adabi kan sa salon a ƙarƙashin siffantawa da alamtarwa.

Tushensa kirari ne. Maroƙi ko makaɗin fada ba ya tsayawa bayyana kyawun wuri, sunansa kawai yake kira, mai sauraro ya cike sauran. A Zazzau, dutsen Kufena da ke yamma da birni shi ne kan gaba. Mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birnin yanzu ya kafu, shi ya sa ambatonsa ke nufin asali da tsayuwa daram. Tsohon garin Turunku kuma yana tuno da gidan sarautar da Sarauniya Amina ta fito. Ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, alamar tsaro ce da iyakar ɗan gari da baƙo. Sai rimi. Dogayen rimayen Zariya sun shiga har sunayen unguwanni, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko, kuma kamanta basarake da rimi yabo ne na wanda ya kere sa'a. Kogunan Kubanni da Galma ba su kai waɗannan nauyi ba.

Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, "ƙasa" ta ƙara faɗi, waƙa ma ta bi ta. Zariya ce ta zama cibiya: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a nan a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, rubutattun waƙoƙi suka riƙa kaiwa garuruwa masu nisa. Marubutan wancan zamani sukan jero garuruwan Arewa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zana taswira da baki. Bayan 'yancin kai a 1960, musamman lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, mahaɗar kogunan Neja da Binuwai a Lakwaja ta zama hoton haɗin kan Nijeriya, kamar yadda take a tambarin ƙasa.

Sai dai wannan hoto na mahaɗar koguna bai ratsa jiki kamar na gida ba. Bazazzagi da yawa bai taɓa ganin Lakwaja ba, amma Kufena yana hango shi daga gonarsa.