Shekara shida kafin mai jefa ƙwallo ya mallaki kansa

A babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, mai jefa ƙwallo (wanda ke jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallon ya buga), kamar sauran 'yan wasa, ba shi da ikon zaɓar kulob ɗin da zai yi wa wasa sai ya cika shekara shida a gasar. Shekarar ma ba ta kalanda ba ce, kwana ake ƙirgawa. Duk ranar da sunansa ke cikin jerin 'yan wasan babban kulob an rubuta masa ɗaya, kwana 172 ne kuma ke zama shekara, alhali kakar wasa kan kai kwana 187.

Shekaru ukun farko galibi kulob ne ke yanka albashi yadda ya ga dama, muddin bai gaza mafi ƙarancin da aka amince ba, dala 740,000 a 2024. Daga nan sai matakin sasanci: ɗan wasa ya faɗi kuɗin da yake so, kulob ya faɗi nasa, masu hukunci uku su ɗauki ɗaya, ba a raba tsakiya. Zaman akwai ɗaci, domin mutum na zaune wakilan kulob ɗinsa ke zayyana gazawarsa don a rage masa kuɗi.

Da can ko shidan babu, kulob na riƙe ɗan wasa har ya tsufa. Masu jefa ƙwallo biyu ne suka karya wannan, Andy Messersmith da Dave McNally, da suka buga kakar 1975 ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba. A Disambar shekarar mai sasanci Peter Seitz ya ce sun kuɓuta, a 1976 kuma aka tsayar da shekara shida.

Tazarar kwana 15 ɗin nan da ke tsakanin 172 da 187 ce kulob-kulob suka mayar kafar wayo. Sai a ajiye matashi a ƙaramar gasa na 'yan makonni, a ce bai nuna ba tukuna, ya rasa cika 172, kulob ya ci ribar kaka guda. Yarjejeniyar 2022 tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa ta ɗan toshe kafar: wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa, a ba shi cikakkiyar shekara. Haka Paul Skenes na kulob ɗin Pittsburgh ya samu tasa a 2024, duk da sai a watan Mayu aka hau da shi.

A ganina mai jefa ƙwallo ne dokar ta fi matsa wa, don jarinsa gwiwar hannu ce, ita kuwa ba ta jiran lissafi. Idan jijiyarta ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, jinyar kan wuce shekara. Sauƙin abin, kwanakin jinya na shiga ƙidaya in a babban kulob ya ji ciwon. Wanda hannunsa ya kai shi gaci kan kwashi rabonsa: Gerrit Cole ya karɓi kwantiragin dala miliyan 324 na shekara tara daga kulob ɗin Yankees a Disambar 2019. Da yawa kuwa kafin shidan su cika ƙarfin jifan ya ragu, masu saye sun juya ga wani yaron.