Takardar fili daban, izinin gini daban: maganar gini a hanyar ruwa

Jama'a duk shekara kafin damina ta kankama hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna tana fitar da hasashen ambaliya, ta kasa wurare gida uku, masu babban haɗari, matsakaita, da masu ƙarami. In ka ji an sa ƙaramar hukumarku sahun farko ba wai an ce dole ruwa ya ci gidanka ba, ana nufin in ruwa ya ƙaru nan ne ya fi saurin tasowa ya wuce iyakarshi. Kuma mu nan Katsina ba sai kogi ya cika ya batse irin na Lokoja ba, ruwan dare guda ya isa, kwalbati ta toshe da leda, rafi ya taho da ƙarfi. Duk wanda ya tuna Jibiya watan Yulin 2018, mutum sama da 40 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ba zai ɗauki abin da wasa ba.

To ga inda mutanenmu ke rikicewa. Mutum ya sayi fuloti, mai unguwa ya shaida, dillali ya karɓi la'adarshi, wani ma har satifiket gareshi, sai ya ce ai filina ne in gina abin da na ga dama. Ba haka doka ta ce ba wallahi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana hannun gwamna, kai haƙƙin zama aka ba ka, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke wannan haƙƙin in maslahar jama'a ta taso, sashe na 29 kuma shi ya yi maganar diyya. Shi gini kanshi sai ka kai zanen gidan hukumar tsara birane ta jiha sun duba wurin sun amince, dokar tsara birane ta 1992 a kan haka ta tsaya, babu izini suna iya tsayar da aiki har su rushe.

Abin da ke ci mani rai, wanda ya toshe magudanar ruwa sau da yawa ba shi ke kwana cikin ruwan ba, ya yi ciko ya ɗaga dandamali, ruwan ya karkata gidan ƙasa na maƙwabcinshi talaka. Don Allah kafin ka biya kuɗin fili je ka gan shi watan Agusta bayan an yi ruwa, ka tambayi dattawan unguwar ta ina ruwa ke bi, sannan ka wuce ofishin tsara birane.