An sa maka stent ba wai an gama ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka in likita ya sa stent, wato ɗan ƙaramin bututun ragar ƙarfe da ake sawa don buɗe hanyar jinin da ta toshe, a jijiyar zuciya shikenan, ai ƙarfe ne ba zai sake toshewa ba. Wallahi ba haka ba ne. Nama ne yake tsirowa cikin ƙarfen a hankali har hanyar ta sake tsukewa, musamman in toshewar ta wuce wata 3 kafin a buɗe, don irin wannan sau da yawa sai an sa dogon stent ko biyu a jere. Mai ciwon suga ya fi shiga haɗari, haka wanda jijiyarsa siririya ce. Masu ajiye aspirin da clopidogrel, wato magungunan hana daskarewar jini, don wai sun ji sauƙi kuwa, su jini ne ke iya daskarewa a wurin farat ɗaya.