Mashigin Tekun Gini

Mashigin Tekun Gini shi ne lungun da Tekun Atlantika ya kutsa cikin Afirka, daidai inda gaɓar yammacin nahiyar ta daina tafiya gabas ta karya kwana zuwa kudu. A taswira ana fara auna shi daga tsinin ƙasa na Palmas a Laberiya, a ƙare a tsinin ƙasa na Lopez da ke Gabon. Ƙasashen da ke bakinsa sun haɗa da Kwaddibuwa, Gana, Togo, Benin, Najeriya, Kamaru da Ikwatoriyal Gini. A cikinsa akwai ƙananan mashigai biyu: na Benin daga yamma, da na Bonny daga gabas, wanda ake kira na Biyafara har zuwa 1975 da Najeriya ta sauya masa suna.

Masana ilimin duwatsu sun ce nan ne Kudancin Amurka ta ɓalle daga Afirka fiye da shekara miliyan 100 da suka shuɗe, shi ya sa ƙugun Barazil ke kama da abin da aka yanko daga wannan lungu. Kwarin da Kogin Benuwai ke bi a yau reshe ne na wannan tsagewar, wanda bai kai ga buɗewa ya zama teku ba.

Gaɓar ba iri ɗaya ba ce. Daga Abijan zuwa Legas yawanci rairayi ne a miƙe, igiyar ruwa na dukansa dare da rana, bayansa kuma tafkuna masu ruwan zartsi kamar na Ebrie da Keta da Legas. Wuraren da jirgi zai fake kaɗan ne, don haka sai da aka gina tashoshin Takoradi da Tema da Lome da Kwatano da hannu. Gabas da Legas kuwa rairayi ya bar wa laka wuri. Kogin Neja, bayan tafiyar kilomita kusan 4,200 daga tsaunukan Gini, yakan rarrabu gida-gida kafin ya faɗa teku. Itatuwan da ke nan a ruwan gishiri suke tsiro, saiwoyinsu a tsaitsaye bisa laka, idan ruwa ya janye ƙaguwa ta fito tana yawo a tsakaninsu. Hanyar ƙauyuka da yawa kwale-kwale ne kawai. A ƙarƙashin wannan lakar aka samo man fetur a Oloibiri a 1956.

Daga kusurwar gabas wani jerin duwatsu masu aman wuta ya miƙe cikin teku. Na kan tudu shi ne Dutsen Kamaru, mai tsayin mita 4,040 ko kusa da haka, wanda har yanzu yakan yi amai. Sauran sun zama tsibirai: Bioko, Principe, Sao Tome da Annobon.

Abin mamaki a yankin shi ne rabon ruwan sama. Debundscha, a gindin Dutsen Kamaru, takan samu wajen milimita 10,000 a shekara, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Akra kuwa, ga ta a bakin teku ɗaya, ba ta cika kaiwa 800 ba. Tsakanin gabashin Gana da Benin kurmi ya yanke, filin ciyawa ya gangaro har bakin ruwa, mutum ya ga kuka tsaye kusa da teku kamar yana dajin Arewa.

Manomin Katsina ko Maraɗi da bai taɓa ganin teku ba shi ma yana cin moriyar mashigin. Iskar damina daga nan take tasowa ɗauke da laima, ta nufi arewa tana tura busasshiyar iskar hamada baya. Takan isa Fatakwal tun watan Maris, amma sai wajen Mayu ko Yuni take kaiwa ƙasar Hausa, kuma tun Oktoba ta fara komawa gida.