Mene ne “zubar da kash” a Linux?

Kwanakin baya wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya same ni a shagon gyara a nan Sakkwato, hankalinsa a tashe. RAM ɗin kwamfutarsa, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, gigabait 8 ne, amma da ya buga umarnin free, mai nuna yadda ake amfani da RAM, sai ya ga fankon da ya rage bai kai gigabait ɗaya ba. Abokansa sun ce masa ya zubar da kash. “Malam, wai da gaske zai ƙara mata gudu?”

Sai an san kanel tukuna. Shi ne cibiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, mai raba wa kowace manhaja ƙwaƙwalwa da lokacin aiki. Na Linux, wato manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Windows, Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991, kuma a kansa aka gina Android.

Karanto fayil daga faifai, wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta, yana da jinkiri ƙwarai idan aka kwatanta da RAM. Don haka duk abin da kanel ya karanto sai ya ajiye kwafinsa a RAM, gutsure-gutsure, ana kiransu shafuka, galibi kilobait 4 kowanne. Wannan ajiyar ita ce kash. Duk wanda ya san zafin bazarar Sakkwato ya san ba a zuwa rijiya don moɗa ɗaya. Randa ake cikawa, kowa ya ɗiba a kusa. Inda kanel ya fi mai randa dabara shi ne, da zarar wata manhaja ta nemi wuri, da kansa yake sakin tsofaffin shafuka ya ba ta, ba sai an roƙe shi ba.

Zubar da kash kuwa tilasta masa ne ya saki ajiyar nan take. Tun fitowar Linux 2.6.16 a 2006 akwai fayil mai suna /proc/sys/vm/drop_caches, wanda sai mai ikon root, wato cikakken iko a kan na'urar, ke rubutu a cikinsa. Ka rubuta 1, shafukan fayiloli su tafi. Ka rubuta 2, a saki bayanan da ya tanada game da sunayen fayiloli da inda suke. Lamba 3 ta haɗa duka biyun. Ba ya goge komai daga faifai, ba ya kuma taɓa shafin da aka canza amma ba a kai ga rubuta shi a faifai ba. Shi ya sa ake fara buga umarnin sync, mai rubuta irin waɗannan shafuka a faifai.

Abin da ke damuna shi ne masu saita na'ura ta riƙa yin haka kowace awa. Suna kifar da randa ne, sannan a koma rijiya. Duk fayil ɗin da aka nema sai an sake karanto shi daga faifai, aiki ya yi nauyi. Bayanan da masu kanel suka rubuta da kansu sun ce ba a so a yi amfani da shi sai wajen gwaji ko binciken matsala, misali in kana son auna ainihin saurin faifanka ba tare da kash ya rufe maka ido ba. (Goge kash na manhaja a wayar hannu wani abu ne daban, can fayiloli ake sharewa daga ma'ajiyar wayar.)

Na ce wa ɗalibin ya bar kallon layin free a sakamakon umarnin, wato fankon da ya rage, ya dubi na available, wanda ke ƙiyasta abin da manhaja za ta iya samu har da kash ɗin da za a iya saki. Ya duba, sama da gigabait 5 ne a wurin.