Waiwaye: Daga Kangon Shifa Zuwa Sabon Zargin Makami Mai Guba

Ranar da rediyo ya kawo labarin, a watan Mayun 2025, cewa Amurka ta ce sojojin Sudan sun yi amfani da makami mai guba a 2024 kuma za ta ƙaƙaba takunkumi, muna zaune a rakuba, wato rumfa, a Gadarif da ke gabashin Sudan, jabana, tukunyar gahawa, na kan gawayi. Baffana, wanda yaƙi ya koro daga Bahri da jaka ɗaya da dardumar salla, ya ajiye finjalinsa ya ce, "To, an koma Shifa ke nan."

Ƙanena, haihuwar bayan 2000, ya ce, "Baffa, wace Shifa?"

Tsohon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Kai da ka yi boko, gaya masa."

Shifa masana'antar magani ce a unguwar masana'antu ta Bahri, tsallaken kogi daga Khartum. An buɗe ta a 1997. Tana yin maganin zazzaɓin cizon sauro, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin tsutsar dabbobi, kuma a lokacin ana cewa kusan rabin maganin da ƙasar ke sha daga can yake fitowa. Da yammacin Alhamis, 20 ga Agustan 1998, jiragen ruwan yaƙin Amurka da ke Bahar Maliya suka harbo mata makamai masu linzami samfurin Tomahawk guda 13. Kafin a yi isha ta zama toka. Mutum ɗaya ya rasu, wasu kamar goma suka ji rauni. Da a ce da rana aka jefa su, lokacin da ma'aikata ke ciki, da zancen ya fi haka muni.

Ba haka kawai aka wayi gari Amurka ta zaɓi Sudan ba, kuma duk wanda ya ba da labarin Shifa ya tsallake wannan ɓangaren, rabin labari ya bayar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan juyin mulkin 30 ga Yunin 1989, Umar al-Bashir da Hassan al-Turabi sun buɗe ƙofar Khartum ga duk mai faɗa da Turawan Yamma. Usama bin Laden ya zauna a nan daga 1991 zuwa 1996, yana kwangilar hanya, yana noma a wajen Damazin, yankin da mutanenmu Hausawan Sudan suke da yawa. A 1993 Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu ɗaure wa ta'addanci gindi. A watan Yunin 1995 aka kai wa shugaban Masar Hosni Mubarak hari a Addis Ababa, sawun maharan ya biyo ta Khartum, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa takunkumi a 1996. A shekarar ne aka sallami Bin Laden ya tafi Afganistan, amma baƙin fentin ya riga ya kama. Sai ga 7 ga Agustan 1998: bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu, mafi yawansu 'yan Afirka masu neman abincinsu. Kwana 13 bayan haka Bill Clinton ya ba da umarni a buga sansanonin Alƙa'ida, ƙungiyar Bin Laden da aka ɗora wa harin, a Khost ta Afganistan, a haɗa da Shifa.

Hujjar da aka bayar ita ce wurin da ya kamata a tsaya. Amurka ta ce a ƙarshen 1997 wani ɗan leƙen asirin CIA ya ɗebo ƙasa a kusa da masana'antar, aka gwada, aka samu wani sinadari da ake kira EMPTA, wanda ake bi ta kansa a haɗa gubar VX mai kashe jijiya. Dunƙulen ƙasa ɗaya, daga wajen katanga, wata takwas kafin harin. Sauran abin da jami'an Amurka suka faɗa a daren farko bai kai mako guda ba ya fara warwarewa. Sun ce soja ke gadin wurin, sun ce ba a yin maganin sayarwa a ciki. Washegari 'yan jarida suka shiga suna taka kwalaye da kwalabe. Aka kuma gano cewa Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta amince wa Shifa kwangilar kai maganin dabbobi Iraƙi, a shirin nan na ba da mai a karɓi abinci. Mai masana'antar ma, ɗan kasuwa Salah Idris, a farkon 1998 ya saye ta, kuma alamu sun nuna waɗanda suka harbo makaman ba su san ta canja hannu ba.

Na taɓa shiga kangon a shekarun da nake karatu a Khartum, don gwamnati ta bar shi yadda yake, tana kai baƙi su gani. Abin da ya tsaya mini ba rodin da ya lanƙwashe ba ne. Kwalabe ne ƙanana masu ruwan ƙasa, irin na maganin tarin yara, zube cikin ƙura, wasu wuta ta narkar da su sun manne da juna kamar alewa, wasu kuwa ko tsagewa ba su yi ba, da marfinsu. Na ɗauki ɗaya na juya, na mayar inda take.

Sudan ta nemi Kwamitin Sulhu ya turo masu bincike su tona ƙasar wurin. Amurka ba ta yarda ba, maganar ta mutu a nan. Salah Idris ya ɗauko masana, ƙarƙashin wani farfesan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Boston, Thomas Tullius, suka kwashi samfuri daga wurare da dama, ba su samu EMPTA ba. A watan Mayun 1999 Amurka ta sake masa dala miliyan 24 da ta riƙe a banki, ana gab da a sa ta ta kawo hujjarta gaban alƙali. Ya nemi diyya, aka yi shekaru ana jan shari'a, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta ce wannan hurumin shugaban ƙasa ne, ba na kotu ba. Haƙuri ma ba a ba shi ba. Nawa suka mutu saboda ƙarancin magani bayan harin? Jakadan Jamus na lokacin, Werner Daum, ya yi ƙiyasin dubun dubata, wasu suka ce ya zuzuta. Wanda ya yi jinyar yaro mai zazzaɓi a damina a Mai Wurno ko Sinja ya san dai abin da rashin kulorokwin ke nufi.

Akwai abin da nake yawan tunawa game da wannan shekarar. Wata uku kafin Shifa, a watan Mayun 1998, Indiya da Pakistan suka gwada bama-baman nukiliya a bainar jama'a, suna tinƙaho. Takunkumi aka sa musu, daga baya aka ɗage. A daren harin ma, da yake makaman da aka nufi Khost da su ta sararin Pakistan za su bi, sai da Amurka ta tura babban janar ɗinta Joseph Ralston ya zauna cin abinci da babban hafsan sojin Pakistan, don ya shaida masa cewa ba Indiya ce ta harbo ba. Mai nukiliya an aika masa janar da lallashi. Mu dunƙulen ƙasa ya ishe mu.

A 1999 Sudan ta shiga yarjejeniyar haramta makamai masu guba, wadda hukumarta ke birnin Heg. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 jami'an leƙen asirin Bashir suka zama abokan aikin CIA, kamar ba a taɓa faɗa ba. Amma saman Sudan bai daina zama a buɗe ba. A 2009 jirage suka buga ayarin motoci a gabas, wajen Bahar Maliya, ana zargin makamai yake ɗauke da su zuwa Gaza. A watan Oktoban 2012 masana'antar makamai ta Yarmuk da ke kudancin Khartum ta tashi cikin dare, gwamnati ta ce jiragen Isra'ila ne, Isra'ila ta yi gum. Wannan dai kowa ya san makamai ake yi a ciki.

Abin da ya fi damuna da gadon Shifa shi ne garkuwar da ta zame wa masu mulki. A 2016 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto cewa an yi amfani da guba a kan ƙauyukan Jabal Marra a Darfur, ta ƙiyasta mutum 200 zuwa 250 sun mutu, da hotunan yara fatarsu na saɓulewa. Gwamnati ta musanta, ta kuma hana kowa zuwa wurin. Gwamnatin da a 1998 take roƙon a zo a tona ƙasa, ita ce a 2016 ta rufe ƙofa. Kuma da yawa daga cikinmu muka ɗaga kafaɗa muka ce irin ta Shifa ce, musamman da mun ga yadda aka ci Iraƙi da yaƙi a 2003 kan makaman da ba a taɓa samu ba. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Amma wani lokacin abin da ke cikin ciyawar macijin ne.

Lissafin kuɗi kuma ta gefe ɗaya aka yi shi. Bayan faɗuwar Bashir a 2019, gwamnatin Abdalla Hamdok ta biya dala miliyan 335 diyya ga waɗanda hare-haren Alƙa'ida suka shafa, ciki har da na Nairobi da Darussalam, lokacin da mutane ke kwana a layin burodi da na fetur. A ranar 14 ga Disamban 2020 aka cire sunan Sudan daga jerin. Talakan da bai taɓa ganin Bin Laden ba shi ya biya bashin, ba a kuwa sa ko sisin Shifa a ɗaya gefen sikelin ba.

Zargin 2025 ya zo a tsakiyar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da Da'am Sari', dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Jaridun Amurka sun ce sinadarin kulorin ake nufi. Gwamnatin Janar Burhan, shugaban sojin Sudan, ta musanta, magoya bayanta suka jawo sunan Shifa tun kafin a gama karanta sanarwar. Amurka ba ta baje hujjarta a fili ba, kamar wancan karon. Bambancin shi ne yanzu Sudan mamba ce a yarjejeniyar, kuma yarjejeniyar ta tanadi hanyar da masu bincike za su sauka su ɗebi samfuri da hannunsu, in akwai mai son a yi hakan da gaske a ɓangarorin biyu.

Ƙanena ya ce, "To Baffa, wannan karon fa?"

Baffa ya ce, "Ɗana, ni a Gadarif nake, kamar kai." Ya miƙa finjali a ƙara masa.

Bayan damina ya koma Bahri ya duba ko an bar masa ƙofa da taga a gidansa. Da ya bugo waya na tambaye shi ko ya bi ta unguwar masana'antu. Ya ce ya bi. An kwashe injuna, an zare wayoyin wuta daga bango, rufin kwano babu. Ya ce da can Shifa ce kaɗai kango a layin, ko yaro zai nuna maka ita, amma ran nan sai da ya tsaya ya tambayi mai keken jaki kafin ya gane wacce ce.